Bala Ƙanƙara da Kabarin da Bai Haƙa Ba

A Toranke, in aka yi rasuwa, kafin mata su gama salati za ka ji ƙarar diga daga maƙabarta. Bala ne. Ba liman ya sa shi ba, ba dagaci ba, kuma ko goro ba ya karɓa. Na daɗe ina kwashe masa ƙasa da shebur, shi ya sa in na ji 'yan zaman kashe wando na bakin kasuwa suna ce masa Bala Ƙanƙara suna dariya, raina ɓaci yake yi. Sun san sunan, ba su san inda ya samo shi ba.

Asalinsa bakanike ne. Tun ƙarshen shekarun sittin yake gyaran taraktocin da manoma ke haya a Gaya, shi da amininsa Bubayero, Bafulatanin Gafasa da ya ajiye sandar kiwo ya kama sufana. Bubayero bakinsa ba ya mutuwa, Bala kuwa sai ka wuni da shi bai ce uffan ba, amma kwanonsu ɗaya. Bayan yaƙin basasa aka zaɓe su su je kwas wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai, inda ake ƙera taraktocin.

Ranar tafiya, Dada Hure, mahaifiyar Bubayero, ta rako su bakin hanya. Ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ko kallonsa ma ba ta yi ba. Bala ta duba ta ce, "Kai ka tafi da abokin naka, kai za ka dawo mini da shi."

Suka sauka a tsakiyar sanyi. Bala ya ce mini ranar garin sai hantsi take leƙowa tana jan ƙafa, kafin ka ankara ta faɗi. Dusar ƙanƙara ta rufe komai, har ka manta kalar ƙasa. Mutanen garin kuwa lokacin wasansu ke nan, kuma ba sa barin baƙo ya koma gida bai ɗana ba. Wata ranar hutu suka kwashi 'yan kwas zuwa wani tafki da ya daskare, suka ɗaura wa kowa dogayen katakai sirara biyu a ƙafa, suka ba shi sanduna biyu na tokarawa. An kakkafa jajayen tutoci, aka ce kada kowa ya wuce su.

Bala ya sha faɗuwa har ya ƙoshi. Bubayero kuwa, da yake tun yana ƙarami da sanda ya tashi, nan da nan ya gane kan abin. Ya riƙa sulalewa yana zagaye Bala yana tsokanarsa da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, yana cewa, "Kaɗo, tashi mana! Ko barci ka zo yi?"

Suna cikin haka rana ta karkata. Bubayero ya tsaya ya nuna wani gefe bayan tutocin, inda dogayen ciyayi suka leƙo, ƙanƙarar wurin ta yi duhu-duhu.

"Dubi can. Inda ka ga ciyawa da duhu, ruwa yana kusa. Haka muke samunsa a rafi da rani. Zan je in yi alwala."

Bala ya ce, "Bari mu koma masauki ka yi alwalar."

"Kafin mu koma la'asar ta tsere. Taimama kuma da wace ƙasar?"

Gaskiyarsa, akwai ruwa a wurin. Abin da bai sani ba, duhun nan alamar ƙanƙara ce marar kauri, don nan ne wani rafi yake shigowa ta ƙarƙashi. Ya sulala ya isa lafiya, saboda katakan suna raba nauyin mutum. Sai ya yi abin da kowannenmu zai yi in zai yi alwala: ya kwance abin da ke ƙafarsa. Ya cire hular sanyi da safar hannu ya ɗora a kan katakan, ya tako gaba yana naɗe hannun riga.

Bala ya ce ƙarar fashewar ƙanƙarar kamar an taka busasshen kara. Ko ihu bai ji ba. Mutanen garin suka zo da igiyoyi da tsani, suka yi iya yinsu, amma ruwan ya riga ya ja shi ƙarƙashin ƙanƙarar. Suka ce sai ta narke za a iya nema. Kafin ta narke kwas ya ƙare, aka sako Bala a jirgi da hular Bubayero a aljihu.

Ya je Gafasa ya durƙusa gaban Dada Hure. Ba ta yi kuka ba. Tambayoyi ta yi.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ba a yi ba, Dada."

"Wa ya sallace shi? Ina kabarin?"

"Yana cikin ruwa, Dada. Ruwan ya daskare a kansa."

Ta karɓi hular ta juya ta a hannu, ta ce, "To, in ta narke ka gaya mini."

Bala ya bi ofis-ofis har Kano yana tambaya, ba wanda ya san ko an same shi. Daga baya ya ajiye aikin, ya dawo Toranke ya kama gonar gado, ya sayi diga. Ya daina shan ruwan randa sai wanda rana ta buga. Wata rana a kasuwar Gaya wani mai firji ya miƙo masa lemo da ƙanƙara a ciki, Bala ya yar da kofin ya tashi. Nan sunan ya samo asali. Ni kaɗai ya gaya wa cewa in ya leƙa rijiya fuska yake gani a ƙarƙashin ruwan, ido buɗe, hannun riga a naɗe.

Kowace bazara, in zafi ya yi zafi, sai ga Dada Hure ta tako tun daga Gafasa. Ba ta shiga gida. A ƙofa take tsayawa ta ce, "Bala, ta narke?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce bai sani ba.

Bazarar ƙarshe ba ta iya zuwa ba, shi ya je ya same ta a kwance. Ta riƙe hannunsa, ta ambaci sunan da ba a taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Bubayero yana jin sanyi."

Da labarin rasuwarta ya iso, Bala ya ɗaure diga a keke, na bi shi da shebur. Mun tarar mutanen Gafasa sun fara haƙa, ya roƙe su su bar masa. Rana tana tsaka, ƙasa tana ƙona ƙafa, shi kuwa sai haƙa yake yana ƙara faɗi.

Na ce, "Bala, ya isa haka. Tsohuwar ba ta da jiki."

Ya durƙusa a cikin ramin, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasa, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, hawaye na bin gumi.

Ya ce, "Da ɗumi. Bar shi da faɗinsa, su biyu ne."