Ranar da Muka Sauke Ordinater Ƙasa

A shekarun da albashi yake makara, lakwal, wato makarantar boko, kuma take rufe saboda yajin aiki, yayata, Allah ya jiƙanta, ta samu aikin buga takardu a wani shago a Sabon Gari. Shagon na ɗan wani Alhaji ne, yana da ordinater, wato kwamfutoci, a kan dogayen tebura, kuma maza ne ke cika shi kullum. Mace ba ta wuce bakin ƙofa, sai ta miƙa takardarta ta koma gefe.

Yaya ta yi ta roƙon mai shagon har ya yarda ya bar mana safiyar Juma'a ta riƙa koya wa mata, zuwa lokacin da za a sauko daga masallaci. Ni na fara zama ɗalibarta, don zaman gida ya ishe ni. Sai wata mai zogale daga Jiratawa, wadda takan ajiye buhunta a bayan ƙofa, da wata mai ƙuli-ƙuli daga Tibiri, da matar mai shagon kanta, wadda ta fi mu duka saurin hannu. Muna shiga muke zama kamar yara. Wadda ta taɓa wani abu ya ɓace daga ekaran, wato allon na'urar, sai ta ɗaga hannuwa sama ta rantse ba ita ba ce, mu yi ta dariya har Yaya ta tsawata, ita ma tana danne tata.

Magana ta kai kunnen Hajiya, mahaifiyar mai shagon, cewa mata suna taruwa suna shirme a dukiyar ɗanta. Kowa ya san in ta ce a rufe, an rufe. Wata Juma'a sai ga ta da kanta.

Yaya ta jawo mata kujera. Hajiya ta dube ta ta ce, "Wagga mai juyawa? So kike in faɗi a ce tsohuwa ta zo kallo ta karye? Shimfiɗa mini tabarma."

Tana zama a ƙasa, surukarta ta zame daga kan kujera ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mu ma duk muka sauka, don ba mai zama sama da Hajiya. Sai ga mu jere a ƙasa, ordinater can bisa kanmu suna ta ƙugi su kaɗai.

"To, ina aikin?" in ji Hajiya. "Ashe gaskiya aka faɗa mini, zama kawai kuke yi."

Muka kalli juna. In mun hau kujera mun yi rashin kunya, in mun zauna haka kuma ta tafi da abin da ta zo da shi. Na ga Yaya ta kalli tebur, ta kalli tabarma, sannan ta ɗaure zanenta da kyau ta ce, "Ku kama mini."

Ekaran na wancan zamani yana da nauyin tulu cike da ruwa. Mai zogale ta ce a ɗora mata a ka, ta saba. Yaya ta ce ai ba kasuwa za a kai shi ba. Muka rungume shi mu biyu, mai ƙuli-ƙuli tana bin wayoyi tana cewa a yi a hankali da hanjinsa. Muka dire shi gaban Hajiya, dariya ta riga ta cinye mana ƙarfi.

Yaya ta buɗe wurin zane, ta tura wa surukar linzamin, abin da muke kira suri. Ita kuwa ta juya gefe don kada su haɗa ido da Hajiya, ta zana akuya da hannu ɗaya daga ƙarƙashin mayafi.

Hajiya ta matso da fuska. "Ke mai koyarwa, gaya wa yarinyar nan akuyarta ba ta ci ba tun bara."

Kafaɗun surukar suka fara rawa a cikin mayafi.

"Ba ni nan," in ji Hajiya. Ta ɗaga suri sama tana kaɗa shi kamar mafici. Yaya ta kama hannunta ta mayar ƙasa, ta ɗora nata a kai, suka ja layi tare. Haka take koyarwa, hannu a kan hannu, kuma har yau in na riƙe suri nakan ji nauyin nata. Hajiya ta ƙara wa akuyar ciki, ta ƙara, har ta koma randa mai ƙaho.

"Hajiya, wannan ai ta kusa haihuwa," in ji mai ƙuli-ƙuli.

"Ku mutanen Tibiri ina kuka san akuya mai ƙoshi?"

Ba mu ji an sauko daga masallaci ba sai da mai shagon ya tsaya a ƙofa da dardumarsa a kafaɗa. Ya ga na'urarsa a ƙasa, wayoyi a baje, matarsa a lulluɓe, mahaifiyarsa tana jan layi. Dariya ta ɗauke mana. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan a hankali ya ce ƙasa tana shiga cikin injin ta lalata shi, bai kamata a sauke ba.

Hajiya ba ta ɗago kai ba. "To kai da ka sani, mi ya sa ka yi tebur kamar rumbu? Ka kira kafinta ya rage wa guda biyu ƙafa. Juma'a mai zuwa zan taho da ƙawayena, kuma ba mai hawa kujera a cikinsu."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hajiya."

Da la'asar kafinta ya zo da zarto. Yaya ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ce ya auna daidai inda hannunta ya tsaya.