Kwalbar da Ba Ta Son Haske: Daga Ƙanƙara zuwa Damari

Ƙanƙara

Ana idar da sallar asuba na bar gida, rungume da wata 'yar kula mai ƙanƙara a ciki. Saƙon Rabi ne, ɗiyar yayata, mai bincike a jami'a kan dawar Damari. A cikin kular akwai kwalba naɗe da baƙin ƙyalle. Rabi ta ce maganin ciki a duhu ake ɗiga wa saiwa, sannan a haska fitila, nan take ya manne wa abin da ke dakon sinadarin girma a jikin shuka, a gane shi. In ya ga haske tun a kwalba, ya tashi aiki. Shekara guda ta yi tana jiransa, digirinta kuma a kansa ya rataya.

Faskari

A shingen bakin gari aka tsayar da motarmu, wani ɗan sintiri ya nuna kular da baki.

"Baba, buɗe mu gani."

"Ba ya son haske, ɗana."

"Mi ne ne ba ya son haske?"

"Yana gani zai farka, ya kama abin da ke kusa."

Ya ja da baya yana a'uziyya. Fasinjoji suka matsa, na samu kujerar mutum biyu ni kaɗai.

Sabuwa

Daga nan sai babur. Na cusa kular cikin babbar riga, na koma kamar mai cikin wata tara. Kowane rami ni da kwalba muka sha shi tare.

Damari

Da azahar na isa, Rabi tana gona. Na ajiye kular a ƙuryar ɗakin Yaya Hajiya, mahaifiyarta, na tafi masallaci ina jin kaina jarumi. Da na dawo, sai ga kwalba tsirara a kan tabarma, tsakanin kuɓewa da barkono, tana sheƙi a rana. Ƙyallen yana bisa igiya.

"Na iske kayan yarinyar nan jiƙe sharkaf," in ji Yaya. "Ba don na shanya ba, da sun yi hunhuna."

Na rafka salati. Rabi ta shigo, ta dubi kwalbar, ta dubi uwarta da ke jiran yabo. Ta durƙusa, idonta taf da hawaye.

"Sannu da aiki, Inna."

Washegari na dawo Ƙanƙara lafiya, a matse kamar kowa. Na gode wa Allah, na gode wa mai babur. Rabi ta sake odar wata, sai baɗi.