Ƙibar Yaya a Minanata

Ana sallame sallar asuba muka bar ƙauye, ni da maƙwabciyata, muka nufi Sakkwato. Inna ce ta aike ni. Duk wanda ya dawo daga birni sai ya ce mata Yaya, babbar 'yarta da ke aure a Minanata, ta yi ƙiba, ta samu hutu. Don murna ta cika kwalba da man shanu ta ce in kai mata.

Motar ta cika maƙil, kuɗin mota kuma ya sake hawa. Ni dai kwalbar nake ta lalubawa, kada buhunan albasa su fasa ta, har maƙwabciyata ta ce in kawo ta riƙe ko na samu in yi numfashi. A Ƙofar Marke muka rabu. Na sayi masa mai zafi, na kasa ci saboda tsoron ɓata hanya.

Na tarar Yaya ta cika kujera. Na yi mata barka, amma na lura daga tsakar gida zuwa ɗaki sai ta yi haki, kuma ba takalmi a ƙafarta. Ta ce duk sun matse ta.

Kafin azahar wasu mata biyu, ma'aikatan lafiya, suka yi sallama. Gida-gida suke bi suna auna mutane don gane masu ƙiba fiye da kima. Suka ɗora Yaya kan sikeli, suka auna tsawonta, suka zagaya ƙugunta da tef irin na tela.

Yaya tana dariya ta ce, "Ku auna da kyau, ƙanwata ta kai labari gida, maigidana ba shi da rowa."

Babbar cikinsu ba ta yi dariya ba. Ta auna damtsen Yaya, ga shi siriri kamar na yarinya. Sai ta durƙusa ta danna ƙaurinta da babban yatsa. Ta ɗaga, ramin ya zauna. Muka yi ta kallonsa, bai cike ba.

Ta ce, "Hajiya, wagga ba ƙiba ba ta, ruwa na. Gobe ki tai asibiti."

"Ruwan mi?" in ji Yaya.

"Sai likita ya duba. Ko ƙoda, ko zuciya."

Washegari muka je da mijinta, aka ba ta gado. Likita ya tambayi tun yaushe ta fara kumbura. Wata da watanni ke nan muna yi mata barka.

A motar dawowa ina ta danna ƙafata ina dubawa, ina shirya abin da zan gaya wa Inna. Tafiyar nan ta koya mini in an ce wance ta yi ƙiba, in fara duba ƙafarta kafin in yi murna.

Inna na bakin ƙofa tana jira. Ta buɗe baki za ta tambayi ƙibar ɗiyarta, sai ta ga kwalbar man shanu a hannuna, ko buɗe ta ba a yi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta, sai Sakkwato.