Dogon da Ake Ɗauka a Kafaɗa

Agadas ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba, wannan ko yaron da bai shiga lakwal ya fara karatu ba ya sani. Amma duk wanda ya tambayi mahaifina aikin da ya yi da ƙuruciya, sai ya gyara zaman rawaninsa ya ce shi ma'aikacin dogo ne. Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Kafin ya buɗe rumfar shayi da sukari a kasuwa, ya yi shekaru a wani ramin kuza can cikin duwatsun Abzin, arewa da gari. A nan turawa suka shimfiɗa wani ɗan siririn layi daga bakin rami zuwa inda ake wanke kuzar. Ƙanƙantarsa ta kai mutum ya ɗora ƙafa ɗaya kan wannan ƙarfe, ɗaya kan wancan, ya tsaya abinsa. Babu inji, babu hayaƙi. Injin su ne. Mutum biyu ke tura kowane wago, wato wani akwatin ƙarfe mai ƙafafu da ake kifarwa gefe a zubar da kaya. In sun zo gangara sai su ɗare bayansa, ɗaya ya danna sandar bagaruwa jikin ƙafar don kada ya kwashe su zuwa lahira. Abin da ya fi burge Baba shi ne layin ba ya zama wuri guda. Guntu-guntu yake, kamar tsani. In kuza ta ƙare a nan, sai su kwance shi, su saɓa a kafaɗa, su je su shimfiɗa inda aka samu sabuwa.

Abokansa na fada ba su taɓa barinsa ya sha shayi lafiya ba. Wani dattijo mai sayar da takalma ya fi kowa tsokana.

"Alhaji, yaushe jirgin naka zai tashi? Ina son zuwa Ingal."

Baba ya ce, "Wanga jirgin da kuke gani a tele, in ya faɗi sai an kira Faransa. Namu in ya sauka daga layi, mu huɗu muke sa kafaɗa mu maishe shi. Kai ko jakinka ba ka iya tayarwa."

A yi dariya, a sake zuba shayi. Haka na tashi ina ji, har na yi iyali ina ji.

Sai idonsa ya fara lalacewa. Da fari gefe-gefe ne ya daina gani, yana karo da bakin ƙofa yana zagin maginin da ya yi ta. Na kai shi gidan likita. Lokotoro ya ja ni waje ya ce wannan ba yanar ido ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce ke mutuwa, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai kawo. Na dawo ina neman yadda zan faɗa masa, ashe tsohon ya riga ni ganewa. Muna fita ya ce, "Ka kai ni in ga layina tun ina gani." Bai roƙi komai ba bayan wannan, shi da bai saba roƙon ƴaƴansa ba.

Na amsa nan take, amma damina ta shiga tsakani. A shekarar ruwa ya yi yawa, ƙoramar Telwa ta cika ta tumbatsa, hanyar Dabaga ta yanke a wurare da dama. Masu kawo albasa ma zaune suke. Kullum da safe Baba zai sa a fito masa da kujera ƙofar gida, ya fuskanci hasumiyar babban masallaci, ya ce, "Ga ta can, ina ganinta." Ni kuwa hankalina ba ya kwance, don wanda ya yi rayuwarsa duka a unguwa ɗaya ya san inda hasumiya take ko a cikin buhu aka sa shi.

Da ruwa ya janye, wani abokina mai jigilar albasa ya ɗauke mu a motarsa kat-kat, shi ne shofer. Muka wuce Dabaga, muka bar garake, wato lambuna, da dabinai, muka shiga duwatsu. Baba na gaba, yana ta faɗin sunayen wurare kafin mu kai su, wani ya dace wani ya kuskure, shofer na cewa "haka ne" ga duka biyun.

Muka isa, ba kowa ba komai. Ramuka da tarin tsakuwa da bangayen da suka zube. Akwai wani ɗan tudu miƙaƙƙe da ke nuna an taɓa shimfiɗa abu a kansa, amma ko ƙusa ba mu tsinta ba. Don in rage nauyin wurin na ce, "Baba, ai kai ka ce a kafaɗa ake ɗaukarsa. To, an ɗauka." Bai yi dariya ba. Ya dafa sandarsa ya tsaya, sai na ga tsohon ya ƙara tsufa a gabana. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Wata mata mai kiwon awaki ce ta cece mu. Shofer ya yi mata magana da Tamashak, yaren mutanen wurin, ta nuna ƙasan kwari da sandarta. Ta ce ƙarafan suna garake, tun da daɗewa mutane suka kwashe.

A garka ta biyu muka same su. Mutanen Abzin kan kafa itatuwa bisa bakin rijiya su rataya ƙwarƙwaron da igiya ke bi ta kansa, raƙumi na jan igiyar, guga na hawowa yana juye ruwa a kwalbati. Itace gara ke cinye shi. Shi wannan mai garkar, mahaifinsa ya kafa ƙarafan dogo biyu a tsaye, ya gitta na uku a sama. Raƙumi na kai da kawowa, ruwa na gudu cikin albasa da rumman.

Mai garkar ya tsai da raƙumi, ya kama hannun Baba ya kai shi. Baba ya matsa fuskarsa har hancinsa na neman taɓa ƙarfen. Ya bi shi da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, ya samu ramukan da ake ɗaure guntu da guntu, ya zura yatsa a ciki.

Ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Mai garkar mutumin kirki ne. Da ya ji labarin, sai ya ce baƙo ba ya komawa hannu sake, zai cire na saman ya sa itace a madadinsa, Baba ya tafi da shi gida. Baba ya ƙi ƙememe. Ya ce, "Bar shi ga aikinshi, ɗana. Ni na aje nawa, shi bai aje ba." Muka sha shayi a inuwar dabino, aka cika mana buhu da rumman. Zuciyata fari fat, na ce a raina Allah ya sa mun riga makanta isowa.

A hanyar dawowa na zauna kusa da shi a baya. Shofer na ta yi masa barka, yana cewa yanzu sai ƴan fada su shiga taitayinsu. Muka ci gaba har muka kusa Dabaga. Sai Baba ya laluba ya kama gwiwata, ya sassauta murya yadda shofer ba zai ji ba.

"Ƙarfen nan, baƙi ne har yanzu, ko ya yi ja?"

Sai a nan na gane bai gan shi ba. Na ce, "Ya yi ja, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "In sun tambaya a fada, sai in ce musu ja ne."