Tanti Rahila da Kunyar 'Yar Fari

Shekara biyar ke nan da rasuwar Tanti Rahila. Ba 'yar uwarmu ba ce, addininmu ma ba ɗaya ba. Kirista ce daga Damagaram, can tsallaken iyaka inda mutanenmu ke kira Faransa, cocinsu ya turo ta Gumel ta koyi aikin mishan a cikin naƙasassu, aka haɗa ta da kurame. Lokacin ina firamare, ba na iya haɗa ido da baƙo, don haka abin da na fara sani nata shi ne takalminta na roba, wanda aka liƙe da wuta a gefe ɗaya.

Saboda Yaya Hadiza take shigo motar haya zuwa gidanmu a Gagarawa. Yaya kurma ce, ita ce kuma 'yar farin Innarmu. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta dubansa a fuska. Mai ji, ko an kau da kai ana iya yi masa magana. Yaya kuwa, in ba ka dube ta ba, ba ka ce mata komai ba. Haka ta girma gida ɗaya da Inna, ni ce 'yar aike a tsakaninsu.

Baba bai yarda ba sai da ya tambayi Tanti ko addini ta zo canja wa 'yarsa. Ta ce, "Baba, ina da nawa, ba na ɓoye shi. Amma maganar hannu na zo koya mata." In an kira salla takan tsayar da darasi, ta zauna tana gyaran ɗankwali har mu idar.

A makarantar kwana ta tashi, a lakwal in ji ta, shi ya sa wasu al'adun suka wuce ta. Ranar da Yaya ta iya alamar "uwa", Tanti ta jawo ta gaban Inna, ga maƙwabta a zaune ana tankaɗe, ta ce, "Inna, ɗago ki dubi Hadiza, za ta kira ki!"

Wata tsohuwa ta tafa hannu. "Oh ni! Yau ga 'yar Faransa ta zo koya mana rashin kunya."

Inna ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Yaya ta tsaya, hannunta a sama, ba ta san abin da ya faru ba.

Na ɗauka Tanti ba za ta sake zuwa ba. Ta dawo, ta durƙusa a bakin ƙofa. "Inna, na yi wauta. Ki bar fuskar, ki dubi hannunta kawai."

"Ke dai ba kya gajiya," in ji Inna. Amma daga baya na hango ta a madafa ita kaɗai, tana ɗora yatsa a kumatu, daidai inda na Yaya ke loɓawa in ta yi dariya. Alamar sunanta ke nan, sunan da bakin Inna bai taɓa furtawa ba.

Tanti ta gama aikinta ta koma gida. Ba a jima ba wani direban Maigatari ya kawo labarin cewa zazzaɓi ya yi ajalinta. Na miƙe zan gaya wa Yaya kamar yadda na saba, Inna ta ce, "Zauna." Ta tafi da kanta. Na ga hannayensu suna motsi, sannan na ga Inna ta ɗago kai ta dube ta a fuska.

Nakan tambayi kaina me Tanti za ta ce da ta ga gidanmu yanzu. Yaya ta yi aure a Gumel, tana ɗinki, tana hira da ƙawayenta ta bidiyo a waya. Bana ta haifi ɗan farinta, tana ƙura masa ido a gaban kowa. Ina jin Tanti dariya za ta yi, ta rufe baki da gefen mayafi kamar yadda ta saba.

Ba mu san inda kabarinta yake ba, ko hotonta ba mu da shi. Abin da ta bar mana yana hannun Inna. Ran suna na ga ta taɓa kafaɗar Yaya, ta nuna jaririn, ta yi mata alamar "marar kunya". Yaya ta mayar mata da amsa, su biyu suka yi ta dariya. Ban san me ta ce ba. Yanzu ba a aikena.