Hutun Dolen Kawo-in-gani

Ɗan kawuna, wanda duk ofis ke kira Kawo-in-gani, tun yana yaro bai taɓa ɗumama kujera ba. Ko abinci a tsaye yake ci, idonsa na kwanon wani. Shekara goma sha ɗaya yana akawu kafin a ɗaga shi shugaban sashe, aka ba shi ofis mai labule da kujera mai juyi. Kujerar nan ko ledarta ba ta yamutse ba.

Mutum bakwai ne a ƙarƙashinsa, amma aikin mutum takwas yake yi. Wasiƙa ba ta fita sai ya karanta ta sau uku, ya cire waƙafi, ya mayar da shi inda yake. In injin buga takardu ya cije, shi ke durƙusawa ya zura hannu. Hatimin sashe kuwa a aljihun rigarsa yake zaune, har tawada ta zana masa taswira a ƙirji. Ma'aikata suka ga banza ta faɗi, suka miƙe ƙafa. Fayil ya taru a teburinsa har sai ka yi ɗage kafin ka gaishe shi.

Wata Litinin Darakta ta kira shi, ta ce ta gaji da ƙorafin jinkiri. Hutun mako guda, daga yau, ba waya, ba leƙe.

"In sashen ya tsaya don ba ka nan, to kai ba shugaba ba ne, akawu ne mai babban ofis. Tsohon teburinka na nan."

Kwana biyu a gida, gidan ya yi masa kaɗan. Ya jera cokula bisa tsawo. Ya gyara agogon da ke tafiya lafiya har ya tsaya. Matarsa ta rantse in ya ƙara buɗe mata tukunya, ita ma hutu za ta ɗauka.

Ranar Laraba tana wanki, ta ciro wani abu daga aljihunsa.

"Baban yara, wannan fa?"

Hatimin ne. Ya fizge shi daga hannunta. Kwana biyu ke nan ba takardar da ta fita, kuma da hannunsa ya tsayar da sashen. Ya fice da takalma wari daban-daban.

Shiga an hana shi, waya an hana shi. Sai ya tsaya tsallaken titi bayan wata mota, yana kai da komo, har mai gadi ya fara tunanin ɓarawo ne. Da rana Sakatariyar sashensa ta fito cin abinci, ya yafito ta. Ta ce wasiƙu ashirin da uku suna nan a shirye tun jiya, kowa ya yi tasa, ta duba, hatimi kawai suke jira.

Ashirin da uku, bai ga ko ɗaya ba! Yatsunsa suka fara ƙaiƙayi.

"To, kawo in..."

Ta miƙa masa tafin hannu.

Ya dubi tagar Darakta. Ya haɗiye sauran maganar kamar ƙwayar magani ba ruwa, ya ɗora mata hatimin. Sai da ta ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Litinin ya dawo ya tarar da teburi fayau, har yana ganin katakon. Darakta ta leƙo, ta yi masa sannu da hutu, ba ta ambaci tsohon teburi ba. Hatimin yanzu a durowar Sakatariya yake.

Ya zauna a kujerarsa minti huɗu cur. Sannan ya tashi ya ga ko an ba furen bakin ƙofa ruwa.