Faifan da ke kwana a Dabai

Hotunan aurenka, a wuri nawa suke ajiye?

A wani shagon hoto kusa da tashar Zuru akwai wata mata gajeruwa mai tabarau rataye a wuya, na ji ana ce mata Madam Dinah. Yau Juma'a, tana zare wani ɗan faifai da ta kwafe hotunan shagon a ciki daga kwamfuta, ta naɗe shi a ɗankwali ninki huɗu, ta zura a jaka. Minti bakwai ta gama.

Chinedu mai gyaran kwamfuta yana jingine a ƙofa yana mata tsiya. "Madam, faifai biyu na sa wa na'urar nan, abin da ɗaya ya rubuta ɗayan ya kwafa. Wahalar me kike sha?"

"Ɗan'uwana, su biyun ɗaki ɗaya suke kwana. In na goge hoto bisa kuskure, tare suke gogewa. In gobara ta tashi, tare za su ƙone."

Ƙila ta taɓa tsayawa gaban wata amarya tana faɗa mata hotunanta sun ɓace, don sau biyu take dafa jakar kafin ta hau babur. Hotunan aure, na suna, na sojojin da suka tafi ba su dawo ba, duk za su kwana a Dabai, cikin akwatin zannuwan innarta. Tana tafe tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa.

Kai ma ka gwada makon nan: ka yi kwafi ɗaya na hotunanka, ka kai shi wani gida daban.